Kalmar da Barira Ta Ɗaure a Bakin Mayafi

Ranar Alhamis da la'asar, a ɗakin masaukinmu na Deira, Barira ta sanar da ni cewa ita ba za ta ci abincin kowa ba.

"Zan je, tunda kin matsa. Zan zauna, zan amsa gaisuwa. Amma ko ruwa ne sai an buɗe gorar a gabana."

Barira ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta tara tana zuwa Dubai sarin abaya da turaren wuta, kuma a shekara taran nan abin da ta sani na garin bai wuce Murshid Bazaar da hanyar filin jirgi ba. Ni wannan ne zuwana na farko, kuma ba sari ya kawo ni ba. Halliru ne ya aiko mini da tikiti. Shi ne ɗan Barira na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, in za ta yi maganarsa sai ta ce "ɗanki". A hannuna ya tashi tun yana da shekara uku. Yanzu yana aiki a wani kamfanin kago, yana ɗaure kayan mutanen Kano yana tura musu, kuma ya ga matar da yake so.

Sunanta Johaira, 'yar ƙasar Filifin, tana aiki a wani kantin magani a unguwar Karama. Mahaifin Halliru ya rasu, baffansa Ɗalhatu kuwa ya ce ba zai buɗe baki ya nemi aure a wata uwa duniya ba sai uwar yaro ta ce to. Wata takwas ke nan uwar ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Kwantiragin yarinyar zai ƙare ƙarshen wata, mahaifinta ya ce in babu magana tsayayya ta tattaro ta dawo gida. Mu kuma jirginmu ranar Asabar. Abin da ya rage wa Halliru a duniya shi ne abincin rana ɗaya, ranar Juma'a.

Na ce, "Yarinyar nan Musulma ce, Barira. Can kudancin ƙasarsu akwai garuruwan Musulmi tun ɗaruruwan shekaru."

"Haka ɗanki ya ce. Ni dai duk wadda na gani a kanti da kuros a wuyanta. Hajiya Sabuwa ta ce har a shayinsu suna ɗiga man alade."

"Hajiya Sabuwa ta taɓa shan shayinsu?"

"Ba sai ta sha ba."

Hajiya Sabuwa ita ce malamar matan masaukin. Ita ta gaya musu cewa jirgin ƙasan nan na Dubai da ake cewa ba shi da direba, wani Ba'indiye ne a kwance a ƙarƙashinsa yake tuƙawa. Mata masu lissafin kwantena da ka, sun ji wannan sun gyaɗa kai.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Sabuwa ta yi wa Barira guzuri. Kalma ɗaya ta ba ta: baboy. Alade ke nan da yaren mutanen. Ta ce mata, "Da kin ji an ce baboy, ki ɗauki jakarki." Barira ta ƙulle kalmar kamar yadda take ƙulle canji a bakin mayafi, ba ta gaya mini ba. Kuma in za a yi adalci, a wannan karon Sabuwa ba ta yi ƙarya ba. Baboy alade ne.

Washegari Halliru ya ɗauke mu wajen sha biyu saura. Mun fi minti ashirin muna zagaye Karama muna neman inda za a ajiye mota. Ginin tsoho ne, hawa huɗu, shanya ta cika barandojinsa, matakala tana ƙamshin girkin ƙasa biyar. A hawa na uku wata siririyar yarinya cikin hijabi ruwan toka ta buɗe ƙofa, ta yi mana sallama, ta durƙusa har ƙasa. Johaira ke nan.

"Sannu da zuwa, Mama. Ina gajiya?"

Hausar ta fito a hankali, kamar mai tafiya da sabon takalmi, amma ta fito. Barira ta ce, "Lafiya," tana kallon bango. Na ga idonta ya tsaya a kan darduma da ke ninke a hannun kujera, ya wuce, ya sake dawowa.

Halliru ya duba agogo, ya juyo wurina. "Inna, masallaci. Na bar miki su."

Na ce, "Yalla, tafi. Ka yi mana addu'a, don da alama za mu buƙata."

Su huɗu ne a gidan, biyu suna wurin aiki. Ta huɗun ta fito daga kicin tana goge hannu: mace mai jiki, za ta kai hamsin, fuskarta cike da fara'a, ga kuros na zinariya a wuyanta yana lilo. Johaira ta ce da Turanci, "Wannan Ate Lorna ce." Ate, in ji ta, kamar a ce Yaya ne. Lorna kuku ce a wani otel, ita ce uwar ɗakin.

Barira ta ɗan taka mini ƙafa. Ba sai ta yi magana ba.

Aka kawo shinkafa fara, aka kawo gorar ruwa a rufe, Johaira ta buɗe a gabanmu. Na gane Halliru ya yi karatu ya koyar. Sai muka ji wata ƙara tana tahowa daga kicin, cuuu, kamar an watsa ruwa a kaskon masa. Lorna ta shigo riƙe da katako, a kan katakon baƙin farantin ƙarfe, a kan farantin nama yankakke ƙanana-ƙanana, yana tartsatsi yana hayaƙi, albasa da barkono sun barbazu a ciki. Ta ajiye, ta fasa ɗanyen ƙwai a tsakiya, ta juya da sauri har ƙwan ya ɓace cikin naman, ta matse wasu 'yan lemun tsami da ba su fi goruba 'yar yaye girma ba.

"Sisig," in ji ta. Ta ƙara da Turanci cewa shi Halliru ya fi so, shi ya ce a yi shi.

Barira ba ta jin Turanci. Larabcinta na kasuwa ne, daga kam sai gali sai khalas, wato nawa, ya yi tsada, shi ke nan. Ta dubi naman, ta dubi kuros, ta kwance ƙullinta. Ta nuna farantin da yatsa ta ce, "Baboy?"

Lorna ta dafe ƙirji. Tsohuwa daga Afirka tana jin yarensu. Don murna ta manta Turanci gaba ɗaya, ta shiga kaɗa hannu biyu tana dariya.

"Walang baboy, Mama. Walang baboy."

To ga abin da ya shiga kunnena. Na ji ƙanwata ta nuna abinci ta ce "Babu?", na ɗauka tana nufin babu abin da muke tsoro. Na ji matar ta amsa, "Wallahi babu, Mama. Wallahi babu." Har na ce a raina lallai Halliru malami ne, ya koya wa gida guda Hausa har da rantsuwa. Na yi bisimilla na kai cokali.

Zan faɗi gaskiya a kan abincin nan. Wani gefen ƙurus-ƙurus kamar ƙanzon tukunyar suya, wani gefen laushi, tsamin lemon yana yanka maiƙon, barkonon yana zuwa daga baya kamar baƙon da ya san gida. Na kai loma ta biyu. Ina ta uku Barira ta riƙe mini gwiwar hannu. Murmushi take yi, irin wanda muke yi a gidan suna.

"Yaya, tofar."

"Na haɗiye."

"Alade ne."

Ni ma na yi murmushin. Duk abin da ya biyo baya cikin murmushi muka yi shi, muna kallon labule kamar shi muke yabawa.

"Wa ya ce miki? A gabanki ta ce wallahi babu."

"Cewa ta yi wallah baboy. Sau biyu. Baboy alade ne, Sabuwa ta gaya mini. Rantsuwa ta yi miki da Allah cewa alade ne, ke kuma kika sa cokali."

"Don me za ta rantse tana dariya?"

"Don ba ta ga laifinsa ba. Ke ce mai karatu, ke ce mai Turanci. Ga shi nan kin ci da Turanci."

Ban yarda ba. Amma na ajiye cokali. Na gyara tabarau na duƙa kan farantin. Shekara talatin da ɗaya ina sa 'yan mata suna feɗe kwaɗi a aji, na ɗauka babu naman da zai ɓoye mini asalinsa. Wannan an yanka shi kamar da gayya, babu ƙashi, babu fata, babu shaida. Kuma ko da alade ne, ina na taɓa ganinsa a faranti da zan gane shi?

Tambaya ɗaya da Turanci za ta raba gardamar. Amma tambayar ita ce, "'Yata, alade kika ba mu?" Yarinya da hijabinta, a ɗakinta, ranar Juma'a, ta durƙusa ta gaishe mu da yarenmu. In kaza ce, na zage ta zagin da ba ya wankuwa. In kuma ba kaza ba ce, ba na son in sani ina zaune.

Johaira tana kallonmu. Ba ta jin abin da muke faɗa, amma ta ga cokalin Barira a bushe. Ta tura mata farantin kaɗan. Barira ta ja kujera baya, ta rataya jakarta.

"Ce musu kaina ke ciwo. Mu jira ɗanki a ƙasa."

Na san Barira. In ta sauka matakalar nan ba za ta sake hawa ba, kuma kafin jirginmu ya sauka Kano labarin ya riga mu isa. Amma na faɗa musu, don ba ni da wata dabara: Mama tana ciwon kai.

Kuskuren Barira shi ne ta manta sana'ar yarinyar. Ba a gaya wa mai kantin magani ciwon kai a tafi haka. Kafin ta miƙe Johaira ta dawo da na'urar awon jini, ta durƙusa, ta naɗe mata hannun riga, ta ɗaura mata abin a damtse. Ta ce in gaya wa Mama kada ta motsa, kada ta yi magana. Na fassara da jin daɗi. Na'urar ta kumbura, ta saki, ta nuna ɗari da sittin da takwas. Johaira ta girgiza kai ta ce a huta minti biyar a sake, kuma ba za a cire ba.

Minti biyar, ƙanwata a ɗaure. Tunda ba zan iya tambayar naman ba, sai na tambayi kalmar.

Na shanye ruwan kofina, na kife shi a tafin hannu, na ce da Lorna ina son in koyi yarensu. Yaya ake cewa babu ruwa?

"Walang tubig."

Na nuna fankar sama da ba ta juyawa. Babu iska fa?

"Walang hangin."

Lorna ta ji daɗin ajin. Ta ɗaga hannun hagu, ta nuna yatsan da babu zobe, ta ce, "Walang asawa," ta fashe da dariya. Johaira ta ce wai babu miji.

Barira ta manta an hana ta magana. "Wannan mata komai sai ta rantse? Ruwa wallah, fanka wallah."

"Ba rantsuwa ba ce. Ki dubi kofin, me ke ciki?"

"Babu komai."

"To shi ta ce. Yatsanta fa?"

Barira ta dubi kofin, ta dubi yatsan, ta dubi farantin da ya daina ƙara. Leɓenta na motsi. Na ga lokacin da abin ya sauka, don kunnenta ne ya fara yin ja kafin fuskar.

"Walang ɗin ita ce babu."

"Ita ce."

"To ke da kika ce Hausa ta yi miki?"

"Ni ma ba daidai na ji ba."

"Wato da ta ce akwai, da haka za ki ci."

"Da haka zan ci."

"Shekara talatin kina koyarwa," in ji Barira, "kuma sa'a ce ta cece ki."

Na bar mata wannan, don tana buƙatar abin riƙewa.

Sai dai yarinyar ba wawiya ba ce. Ta ji baboy tun farko, ta ga cokali a bushe, ta ga jaka a kafaɗa, yanzu ta ga darasi. Ta haɗa su. Ta cire na'urar a hankali, ta naɗe, ta shiga kicin. Lorna ta daina dariya. Ana jin huɗuba daga lasifikar wani masallaci can nesa. Na ce a raina shi ke nan, mun gyara kalma mun ɓata mutum.

Ta fito da abu biyu: ledar kaza mai tambarin halal da ta ciro daga kwandon shara, da kwalin farantin ƙarfen, sabo, takardar kantin tana manne. Ta ajiye a gaban Barira, ta zauna a ƙasa, ta ce in fassara.

"Kar ki rage komai," in ji Barira.

Ta ce kaza ce da hantar kaza. Ta ce farantin shekaranjiya ta saya, don kada Mama ta yi tunanin abin da aka taɓa soyawa a tsohon. Ta ce ba ta ji haushi ba, don ita ma mahaifiyarta ba ta yarda akwai Musulmi a Najeriya ba sai da ta sa Halliru ya karanta mata Tabaraka ta waya, tun daga farko har ƙarshe, tana riƙe da Alƙur'ani tana bi.

Barira ta miƙe zaune. "Ɗan nawa... ɗankin aka yi wa jarrabawa? Yaron da ya sauke yana da sha huɗu?"

"Shi."

"Ya ci?"

Na tambaya. Johaira ta ce an gyara masa wuri ɗaya.

"Ƙarya ne," in ji Barira. "Layin waya ne."

Sai yarinyar ta ƙara wata magana, wadda ni da na so ta bar ta a cikinta. Ta ce ba za ta ɓoye wa Mama ba: a garin su Ate Lorna, inda abincin ya fito, da kan alade ake yin sa, kunne da kumatu. Ita ba ta taɓa cin wancan ba. Amma asalinsa ke nan, gara Mama ta ji daga bakinta.

Na yi jinkiri. Barira ta ce, "Na ga bakinki ya tsaya." Na fassara duka, har kunnen.

Ta daɗe tana kallon yarinyar. Wannan ne karo na farko da ta kalle ta a fuska.

"Ashe dai Sabuwa da gaskiyarta."

"Rabi."

"Wato abincin arna ne ya musulunta."

"Haka za a ce."

"Tun yaushe?"

Na miƙa tambayar ga Lorna, na sassauta ta. Ta ce ita shekararta goma sha ɗaya a Dubai, kuma tun zuwanta da kaza take yi, ko da kifi.

"Sha ɗaya," in ji Barira. "To ya ci a ce ya iya alwala."

Ta sauke jakar, ta ɗauki cokali. Lorna ta fizge farantin. Ta ce ba a cin sisig da sanyi, in ya yi shiru ya mutu. Ta koma da shi kan wuta, ta dawo da shi yana cuuu fiye da ɗazu, ta ajiye a gaban Barira ita kaɗai. Barira ta yi bisimilla da ƙarfin da maƙwabta za su shaida, ta ɗebi abin da bai fi ƙwayar gyaɗa uku ba. Ta tauna, ta tauna, kamar mai neman tsakuwa a shinkafa. Ta sake ɗiba, wannan karon cokalin a cike.

"Wa ya dafa?"

"Lorna."

"Ita Juwairar me ta yi?"

Haka sunan ya koma a bakinta, kuma haka ya zauna. Na tambaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce shinkafa.

"Shinkafar ta yi kyau. A me ta dafa?"

Lorna ta nuna wata farar tukunyar lantarki a kan firji, ta kwatanta da yatsa yadda ake danna maɓalli. Ta ƙara da cewa, tsakaninta da Allah, yarinyar nan ko ƙwai ta soya sai an buɗe taga.

Na fassara ina jiran jakar ta koma kafaɗa. Sai na ga fuskar Barira ta washe kamar an ce mata kwantenarta ta iso Legas. Ta kamo hannun yarinyar, ta juya shi, ta duba tafin.

"Dubi hannu. Wannan bai taɓa riƙe muciya ba. Yaya, ko ruwan zafi ba ta iya ba. Me za ta ba shi ya ci, paracetamol?"

"Sai a haƙura da maganar ke nan."

"Wa ya ce a haƙura? Cewa na yi ba ta iya ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Halliru ya shigo da darduma a kafaɗa, yana zufa, idonsa ya tafi kan farantin kafin ya zo kanmu. Ya ga an ci fiye da rabi. Ya ga na'urar awon jini, ya ga ledar kaza a kan tebur, ya ga hannun Johaira a cikin na uwarsa.

Barira ta saki hannun, ta ja mayafi, ta juya wa ƙofa ƙeya.

"Yaya, gaya wa ɗanki ya kira Ɗalhatu yau, kada ya bari sai gobe. Ya karɓi lambar uban yarinya. Kuma kafin a ɗaura komai za ta zo Kano ta yi mini wata biyu a gindin murhu. Ba na son gardama."

"Yana jin ki, Barira."

"Ban ce ya ji ni ba. Cewa na yi ki gaya masa."

Na juya na gaya masa, kalma bayan kalma. Halliru ya zame ya zauna a bakin ƙofa, a kan takalman mutane. Johaira tana kallonsa tana jiran fassara, shi kuma ya kasa haɗa Turanci.

Barira ta jawo farantin ta ci gaba da kankare abin da ya kama a gefe.

"Ki tambayi mai kuros ɗin nan," ta ce, "ko a Deira ake sayar da irin farantin."